Shekaruna Tsakanin Ƙofar Kabuga da Ƙofar Mata

Ranar da na sauka a Kano da niyyar zama, a farkon shekarar 2010, abin da na mallaka bai wuce jakar bakko guda ɗaya mai kaya kala uku ba, sai tabarma a hammata, da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli da mahaifiyata ta yi mini guzuri. Motar da ta ɗauko ni daga ƙasar Gumel ta ajiye ni a tashar 'Yankaba, kuma sai da na canza mota sau biyu kafin na ji kwandasta yana kiran Kabuga. Mahaifina ya sayar da buhunan riɗi da rago ɗaya kafin kuɗin rajistata su haɗu, saboda haka da ya rako ni bakin titi bai yi doguwar nasiha ba. Cewa ya yi: “Karatu na tura ka, ba kallon gari ba. Kano tumbin giwa ce, yaro ko da me ka zo an fi ka.” Na riƙe wannan magana da hannu biyu, har na wuce gona da iri a kanta, domin na yi fiye da shekara guda ina kwana ina tashi a gindin ganuwar birni ba tare da na san abin da ke cikinta ba.

Ilimin sinadarai aka ba ni a Jami'ar Bayero, don haka yawancin laccocinmu a tsohuwar jami'a suke, wadda take daf da Ƙofar Kabuga da Ƙofar Dukawuya. A makon farko aka tara mu aka karanta mana tarihin makarantar: ta faro a 1960 a matsayin ƙaramar kwaleji, ta ɗauki sunan Sarki Abdullahi Bayero ta zauna ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sannan ta tsaya da ƙafafunta a 1977. Na rubuta shekarun a bayan littafina don tsoron kada su fito a jarrabawa. Sabuwar jami'a tana can kan titin Gwarzo, bayan Rijiyar Zaki, kuma ba ma zuwa sai idan wani darasi na bai ɗaya ko wata takarda ta kai mu, mu yi ta kokawar shiga bas tun da sanyin safiya.

Gado a ɗakin kwanan ɗalibai ya kuɓuce mini saboda na makara wajen nema. Na yi mako uku ina raɓe a ɗakin wani ɗan garinmu, mu shida a wurin da aka yi domin mutum huɗu, kafin wani dillali ya nuna mini ɗaki a Janbulo, ya karɓi rabin kuɗin shekara, ya ce in dawo jibi in karɓi makulli. Da na dawo na tarar da wasu ɗalibai biyu a ƙofar ɗakin, kowa da irin rasit ɗin da ke hannuna, wayar dillali kuwa a kashe. A masallaci bayan sallar la'asar wani dattijo ya ga yadda na zauna na yi tagumi, ya tambaye ni ko lafiya, na kwashe labari na gaya masa. Bai ce mini komai ba sai: “Taso, ɗana.” Ya tura kekensa ina biye da shi har Ɗorayi, ya buɗe mini wani shago da ke jikin zaurensa, ya ce in biya abin da ya sauƙaƙa idan an yi kaka. Abin da na fara lura da shi a jikinsa shi ne hannuwansa: shuɗaye ne tun daga farce har gwiwar hannu. Marini ne, kullum da safe yana hawa kekensa zuwa Ƙofar Mata. Yaran unguwa suna kiransa Baba mai baba, shi kuma yana amsawa ba tare da damuwa ba. Dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba, a lokacin ina ganin girmansa don alherin da ya yi mini, amma a can cikin zuciyata na ɗauki sana'arsa abin da zamani ya riga ya wuce.

Rayuwar ɗalibi marar gata a wannan yanki tana da lissafinta. Muna kiran tsarin cin abincinmu sifili-ɗaya-sifili, wato babu karin kumallo, a ci da rana, a kwana da haƙuri. Ranar da aljihu ya yi nauyi mukan koma ɗaya-sifili-ɗaya. Akwai wata Hajiya mai garau-garau kusa da ƙofar makaranta, wadda take gane yunwar mutum daga yadda ya miƙo kwano, ta ƙara masa cokali ɗaya ba tare da ta ɗaga kai ba. Akwai mai shayin bakin layinmu, wanda yake da littafin bashi da ya fi wasu littattafan laccarmu kauri, kuma bai taɓa rubuta sunan kowa daidai ba, sai dai “dogon Gumel” ko “mai gilashi”. Da yamma awara da yaji, ko ɗanwake idan mun yi karo-karo. A Kano na fara cin gurasa bandashe, wadda ake yayyafa wa ruwa a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da albasa da mai, kuma har yau idan na ji ƙamshinta sai makon jarrabawa ya faɗo mini a rai. Ruwa kuwa daga 'yan ga-ruwa muke saye, jarka biyu ta yi mana kwana uku.

Na ce “mu” domin a zango na biyu na samu abokin zama, wani ɗan ajinmu Kirista daga Binuwai, wanda Baba ya karɓa kamar yadda ya karɓe ni. Da daddare mukan taka daga Ɗorayi zuwa cikin makaranta mu yi karatu har asuba, saboda a can ne ake samun wuta. Da hunturu mukan naɗe kai da mayafi kamar masu gadi, da damina kuma sauron kududdufan gindin ganuwa ya hana mu gyangyaɗi. Shi ne yake tashina idan an kira sallar asuba, ni kuma in tashe shi ranar Lahadi.

Wanda ya fara fitar da ni daga wannan da'ira ta ɗaki da aji da masallaci wani abokinmu ne Bakano, ɗan Mandawari. Ranar Takutahar 2011, mako guda bayan Mauludi, ya zo ya ce ba zai yiwu in yi digiri a Kano ban hau Dala ba. Na kawo uzurin karatu, ya ƙwace littafin ya cusa a ƙarƙashin katifa. Mun tarar da dutsen ya cika maƙil da yara da 'yan mata cikin sababbin kaya, masu rake da masu alewa sun kafa kasuwa a gindinsa. Da muka kai sama na juya, sai na rasa abin faɗa. Ga Goron Dutse a gefe, ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a kusa da Gidan Rumfa, ga rufin Kasuwar Kurmi a cunkushe, ga gidajen ƙasa da na siminti sun cakuɗe har iyakar ganin ido. Abokina ya riƙa nuna mini da yatsa yana ba ni labarin Barbushe da Tsumburbura da zuwan Bagauda, ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta ya kuma kafa Kurmi. Daga can sama na nemi jami'armu da ido, na same ta 'yar ƙarama a gefen yamma, kamar baƙuwar da ta zauna a bakin ƙofa.

Mako biyu bayan haka na je Gidan Makama ni kaɗai, na biya kuɗin shiga na ɗalibai. A nan na ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, a nan kuma mai yi wa baƙi bayani ya gaya mini cewa a farkon Fabrairun 1903 sojojin Turawan Ingila sun fara gwada Ƙofar Dukawuya ta gagare su, sai suka fasa ta Kabuga suka shiga, alhali Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Kunya ta kama ni. Wurin da nake tsayawa kullum ina cinikin kuɗin acaɓa, ashe nan ne aka ci Kano da yaƙi. Tun daga ranar na riƙa ware yammacin Asabar domin yawo. Na je gidan Malam Aminu Kano a Gwammaja, wanda yanzu yake hannun jami'armu a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, na ga ƙanƙantar ɗakin mutumin da sunansa ya cika ƙasa. Na ɓata a lungunan Kurmi har sau biyu, tsakanin dukawa da masu ƙwarya da masu littattafan addini. Gidan zu kuwa sau ɗaya na je, ban ga abin da zai sa in koma ba. Hawan Ɗorayi, wanda ake yi a unguwarmu, bai taɓa riskata ba, saboda kowace Sallah ina gida. Abin da ya fi ci mini rai a yawon nan shi ne ganuwar kanta. A idona na ga ana cike kududdufan da aka haƙi ƙasar gininta ana kafa shaguna, na ga inda aka yanke ta aka yi hanya, na ga inda ta zama juji. Garin da ya yi shekaru ɗaruruwa yana gina abu bai kamata ya zuba ido ya narke a cikin shekara ashirin ba.

Shekarar 2012 ta katse mana yawo. Bayan hare-haren ranar Juma'a 20 ga Janairu aka sa dokar hana fita, shingayen bincike suka cika titi, karatun dare ya zama sai mai ƙarfin hali. Ranar Lahadi 29 ga Afrilu aka kai hari kan Kiristoci masu ibada a cikin tsohuwar jami'a, aka kashe malamai da ɗalibai. Abokin zamana ya tsira ne saboda zazzaɓi ya kwantar da shi a ranar. Baba ya shigo da shi cikin gida, ya ce wa iyalinsa: “Wannan ɗana ne, duk mai nemansa ya fara nemana.” Ya yi mako guda yana cin tuwon gidan kafin ya iya fita. A farkon 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, muka koma Adaidaita Sahu da tafiyar ƙasa.

A wannan tsakanin ne karatuna ya yi tuntuɓe. Na faɗi wani darasi na aji uku, aka ce sai na maimaita shi, abin da ɗalibai suke kira kariyoba. Darasin ya shafi yadda sinadarai suke musayar ƙwayoyin elektiron, wani ya bayar wani ya karɓa, da yadda wannan musaya take canza kamannin abu. Na haddace shafukan tas, amma da tambaya ta zo a karkace sai na tsaya cik. Laifina ne, domin hadda nake yi irin ta aku. Ban iya gaya wa mahaifina ba. Ana cikin haka malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki a farkon Yulin 2013, wanda bai ƙare ba sai tsakiyar Disamba. Kowa ya tattara ya tafi gida, ni kuwa kunya da rashin kuɗin mota suka zaunar da ni. Da Baba ya ga na yi kwana goma ina kwance a shago, sai ya leƙo ya ce: “Ɗan boko, zaman banza ba ya kai mutum ko'ina. Gobe ka biyo ni, ko ruwa ka ɗebo mana.”

Na sha wucewa ta Ƙofar Mata a mota, amma ban taɓa shiga marinar ba. Fili ne mai cike da ramuka a jere, bakin kowanne a zagaye, an shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Masu wurin suna cewa tun 1498 ake rini a nan. Ramukan da ke aiki ba su kai waɗanda aka bari ba, wasu ma shara ta cike su. Warin wurin ya fara korata, wani irin wari mai kama da na ruɓaɓɓen ganye da toka, amma bayan mako guda na daina jin sa. Aikina na farko ɗiban ruwa da tankaɗe toka. A hankali na ga yadda ake haɗa rami: a zuba ruwa da toka, a kawo busasshen baba a zuba, a ƙara katsi, wato laka ta ƙasan tsohon rami da aka kwashe aka ƙone, sannan a rufe a bar shi kwanaki, ana zuwa ana motsawa da doguwar muciya har kumfa mai ƙyalli ta taso. Babu ma'auni, babu agogo. Baba yakan tsoma yatsa ya ɗanɗana a harshe, ya shinshina, ya ce: “Bai nuna ba, a ba shi kwana biyu,” ko kuwa ya ce: “Ya yi kaifi da yawa, a ƙara ruwa.”

Wata safiya ya miƙo mini farin ƙyalle ya ce in gwada. Na tsuguna a bakin rami, na tsoma, na murza shi a cikin ruwan kamar yadda na ga suna yi, na ɗago. Sai na ga ƙyallen ya fito kore-kore mai ɗan rawaya, ba shuɗi ba. Na ɗauka na ɓata, na buɗe baki zan ba da haƙuri, Baba ya ce: “Riƙe shi a sama, bar shi ya sha iska.” Ina riƙe da shi, ruwa yana gangarowa ta gwiwar hannuna, launin ya fara juyawa a gaban idona, daga gefe-gefe zuwa tsakiya, kore yana komawa shuɗi. Ban san lokacin da na ce “La ilaha illallahu” ba. Wannan shi ne darasin da na faɗi. Shuni ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa ba zai kama zare ba sai an canza shi. Ruwan toka yana ba da kaifi, ƙananan halittun da ke ruɓar da ganyen suna cinye iskar oksijin da ke cikin ramin, su ba shunin elektiron, sai ya koma wani nau'i mai narkewa, mai launin kore-rawaya, wanda yake ratsa zare. Da an ɗaga ƙyalle iska ta taɓa shi, oksijin ya karɓe abin da aka bayar, shunin ya koma yadda yake, ya maƙale a cikin zaren ba fita. Shi ya sa marini yake tsomawa yana ɗagawa, sa'a guda ko sa'o'i da yawa, gwargwadon duhun da ake so.

Na yi ƙoƙarin yi wa Baba wannan bayani da bakin da ke rawa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: “To, mu dai cewa muke rini yana numfashi. Ku sai da kuka je jami'a kuka sani?” Marinan da ke kusa suka fashe da dariya, aka yi mako ana tsokanata da Malam Oksijin.

Na yi wata biyar a marina. Na koyi raba kaya tsakanin masu rini da mabuga, waɗanda suke zaune a rumfa suna dukan yadi da manyan sanduna a kan gungume har ya yi sheƙi. Na kai wa mata yadi a cikin gidaje suna ƙulla zane da zare kafin a rina. Na ga Buzaye daga Agadas suna zaɓen rawani, suna goga shi a bayan hannu su ga ko zai bar shuɗi, domin a wurinsu wannan shi ne alamar na ƙwarai, na kuma ji su suna ambaton turkuɗin garin Kura da girmamawa. Na ga kuma abin da ke kashe sana'ar. Tun da wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta a 1897, rinin gargajiya yake ja da baya a duniya, yau kuma atamfa mai araha daga Sin ta cika Kantin Kwari. Matasa kaɗan ne suke son hannunsu ya yi shuɗi. Baƙi masu kyamara, waɗanda dā suke ɗan kawo ciniki, tsoro ya ɗauke ƙafarsu a waɗannan shekaru. Akwai ranakun da Baba yake komawa gida da abin da bai kai kuɗin cefane ba, amma bai taɓa tambayata kuɗin shago ba.

Da aka koma makaranta na sake zama wannan jarrabawa na ci, da maki mafi kyau da na taɓa samu. Da lokacin aikin binciken kammala digiri ya zo, na roƙi malamin da ke duba ni ya bar ni in yi a kan ruwan marina. Ya ɗaga gilashinsa ya dube ni, ya ce shekarunsa da yawa a sashen ba a kawo masa wannan ba, amma in je in gwada. Na riƙa ɗebo ruwan ramuka a kwalabe ina kawowa ɗakin gwaji a cikin Adaidaita Sahu, fasinjoji suna toshe hanci. Ramin da Baba ya ce ya nuna, ma'aunin pH, wato na'urar auna kaifin ruwa, yakan nuna tsakanin 10 da 11, wanda ya ce bai nuna ba kuwa yakan faɗo ƙasa da haka. Sau goma sha biyu na gwada harshensa da na'ura, sau ɗaya kawai suka saɓa, kuma da na sake aunawa sai na tarar ni ne ban wanke kwalba da kyau ba. Na sa sunan Baba a shafin godiya na binciken, na karanta masa na fassara. Ya ce in sake karanta wurin da aka ambaci katsi, don ya ji yadda yake fita a bakin Turanci.

Ranar da zan bar Ɗorayi ya ba ni rawani ɗaya da ya rina da hannunsa, aka buga shi har yana ɗaukar ido, ya ce: “Ka kai wa mahaifinka, ka ce ɗan'uwansa na Kano yana gaishe shi.” Da na isa gida na durƙusa na miƙa takardar sakamako da rawanin tare. Mahaifina ya ajiye takardar a gefe, domin ba ya karanta boko, ya kama hannuna ya juya shi yana duban gefen farcena, inda shuɗin bai gama fita ba. Ya ce: “Karatu na tura ka ko rini?” Na ce: “Baba, duka biyun na yi.” Ranar Juma'a ya naɗa rawanin ya tafi masallaci a cikin zafin rana, ya dawo goshinsa ya yi shuɗi, mahaifiyata ta kawo masa ruwa da sabulu ya ce a bar shi tukuna.